Yadda Na Koya wa Guguwa Tsayuwa a Gaban Salwa

A garinmu, karen da ake yabo shi ne wanda ya fi saurin cim ma zomo. Na tashi ina ganin ƙanin mahaifiyata yana fita farauta da rani, bayan an kawar da amfanin gona, da kere a hannu da karnuka huɗu ko biyar a bayansa, kuma ban taɓa jin ya yi wa wani cikinsu kirari don ya ga nama ya tsaya yana kallo ba. Saboda haka ranar da wani abokin aikina a yammacin jihar Tennessee ta Amurka ya kai ni gonar wani dattijo mai horar da karnukan tsuntsu, abin da na gani ya saɓa wa duk abin da na sani game da kare. Wata farar karya mai ɗigo-ɗigon ruwan hanta tana sheƙa gudu a gefen gonar waken suya da aka riga aka girbe, sai kawai ta ƙame wuri ɗaya kamar an dasa ta, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, kai a sama, wutsiya a miƙe kamar sanda. Dattijon bai yi gaggawa ba. Ya taka a hankali ya wuce ta gabanta, ya shiga shurin ciyawa da takalminsa, sai ga salwa fiye da goma sun tashi lokaci guda da ƙarar fiffike mai razanarwa. Ya ɗaga 'yar bindigarsa mai harsashin ƙara kawai ya harba sama, amma karyar ko gezau, tana bin tsuntsayen da ido har suka ɓace cikin itatuwa, kuma ba ta motsa ba sai da ya koma ya dafa kanta.

Daga baya na fahimci cewa asalin wannan tsayuwa ba daga mai horo take ba. Duk dabbar da ke farauta takan ɗan dakata kafin ta daka tsalle kan abin da ta gano, kamar yadda kyanwa ke yi wa ɓera, sai dai masu kiwon karnuka a Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen waɗanda dakatawarsu ta fi tsawo suna haɗa su barbara, har aka sami jinsunan da kwikwiyo ɗan wata biyu zai ƙame a gaban fiffiken tsuntsu ba tare da kowa ya koya masa ba. Daga cikinsu akwai foyinta da seta na Ingila, da foyintar Jamus mai gajeren gashi, da biritani na Faransa, da bizla na Hungary. Da yake kowane mai kare yana cewa nasa ya fi, sai aka fara gwada su a fili a gaban alƙalai, don a san wanda ya cancanci a ɗauki irinsa. An yi gasar farko a Southill da ke Ingila a 1865, ta farko a Amurka kuwa an yi ta kusa da Memphis a 1874, wato a yankin da aiki ya kawo ni.

Na daɗe ina jinkiri kafin na karɓi kare, domin na san irin kallon da mutanenmu ke yi wa mai ajiye shi. Na koma ga abin da na karanta a makarantar zaure: aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin da aka horar suka kamo, hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Duk da haka ban yaudari kaina ba, gasa daban take da farauta, shi ya sa na ƙudurta cewa idan lokacin farautar salwa ya zo zan riƙa fita da ita da gaske, a kawo nama gida. Uwargida ta kafa sharaɗi guda, cewa karen ba zai taɓa taka cikin ɗaki ba, na kuwa amince, na gina masa keji mai rufi da daɓen siminti a bayan gida.

Dattijon ne ya zaɓa mini 'yar kwikwiya 'yar mako takwas daga cikin jikokin waccan karya da na fara gani. Na raɗa mata suna Guguwa, shi kuma ya gajarta shi zuwa Gugu, domin a fili ana son suna mai saurin fita daga baki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a shekarar farko kusan babu abin da ya yarda in koya mata sai amsa kira da shiga keji da tafiya da igiya. Kowace Asabar sai mu sake ta a daji ta yi ta gudu, ta kori 'yan tsuntsaye, ta faɗa rafi, ta ɓata ta nemo mu. Da na ƙosa na tambaye shi yaushe za a fara horo na gaskiya, sai ya ce mini sha'awar tsuntsu ita ce jarin kare, kuma duk horon da zai biyo baya ci yake yi daga wannan jari, don haka wanda ya fara cira tun kafin ya tara zai ƙare da kare mai ladabi wanda ba ya neman komai. Ko ƙarar bindiga ma a cikin wannan wasa aka gabatar mata da ita. Sai ta tsunduma cikin korar tattabara, ta yi nisa sosai, sannan dattijon ya harba daga baya can, a hankali ana rage tazarar a cikin makonni, har ta ɗauki ƙarar a matsayin alamar abin daɗi. Karen da aka firgita da bindiga yana ƙarami yana da wuyar gyaruwa ƙwarai.

Da ta cika shekara muka shiga koya mata kalmar da duk wannan harka ta rataya a kanta, wato "wo", kalmar da Amurkawa ke tsayar da doki da ita. Ma'anarta ga kare ita ce ya tsaya inda yake, ƙafafu huɗu a ƙasa, kada ya zauna, kada ya kwanta, har sai an sallame shi. A tsakar gida ake koyar da ita, nesa da kowane tsuntsu. Nakan ɗora Guguwa a kan wata ganga da aka kwantar, inda motsi kaɗan zai sa ta ji tana neman zamewa, in shafa bayanta in gyara mata wutsiya ina maimaita kalmar a hankali. Daga ganga muka sauko kan katako, daga katako zuwa ciyawa. Idan ta ɗaga ƙafa ta matsa ko da taku ɗaya ne, ba na duka kuma ba na tsawa, sai in ɗauke ta cak in mayar da ita daidai inda ta baro. Minti goma da safe kafin in tafi aiki, minti goma bayan la'asar, haka muka yi kusan wata biyu, har ya zama ina iya zagaya ta, in jefa hulata a gabanta, in shiga gida in fito, tana nan a tsaye.

Sai aka kawo tattabaru. Ana fifita su a wannan mataki ne saboda suna tashi da ƙarfi su yi sama inda kare ba zai kama su ba, kuma da yamma sukan koma ɗakinsu, gobe a sake amfani da su. Ana sa tattabara a cikin wani ɗan akwati mai sifirin da ake buɗewa da rimot, a ɓoye shi cikin ciyawa, sannan a kawo kare da doguwar igiya ta yadda zai ratsa iskar da ke ɗauke da warin tsuntsun. A nan na koyi kula da iska fiye da yadda na taɓa yi a rayuwata, ina tsinkar busasshiyar ciyawa in watsa sama kafin kowane gwaji. Warin tsuntsu yana bazuwa ne daga inda yake kwance yana faɗaɗa yayin da iska ke tafiya da shi, da safe mai raɓa yana kamuwa daga nesa, da rana tsaka mai zafi da bushewa kuwa sai kare ya kusa taka tsuntsu bai ji shi ba. Ƙa'idar ita ce, da zarar Guguwa ta ji wari ta ƙame, sai a bar ta. Idan ta ƙara taku ɗaya gaba, dattijon ya danna rimot tattabara ta tashi ta tafi, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Ita da kanta ta gane cewa matsawa gaba asarar tsuntsu take jawowa.

A wannan kaka muka shiga gasarmu ta farko a rukunin matasa. A ƙa'idar ƙungiyar AKC, wato ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, wadda a ƙarƙashinta na fi yin gasa, 'yan kwikwiyo daga wata 6 zuwa 15 suna da rukuninsu, matasa kuma har zuwa shekara biyu, kuma ba a neman cikakkiyar tsayuwa daga matashi. Ya isa ya nemi tsuntsu da himma ya nuna shi, ko da daga baya ya bi shi da gudu. Guguwa ta zo ta biyu, aka ba mu jan ƙyalle, kuma wannan ƙyalle shi ne mafarin matsalata, domin na dawo gida ina jin cewa na riga na iya.

Ba tare da na shawarci dattijon ba na sayi salwar kiwo guda goma, na fita da Guguwa ni kaɗai wata safiya bayan an kwana ana yayyafi. Salwar da aka tashe ta a keji ba ta da ƙarfin tashi irin na ta daji, idan kuma fukafukanta suka jiƙe sai ta zama kamar kaza. Guguwa ta tsaya mini tsayuwa mai kyau, na shiga gabanta na tayar da tsuntsun, ya yi ɗan tsalle ya faɗo bai fi taku goma ba, kafin in buɗe baki ta cafke shi. Maimakon in tattara in koma gida, sai na sake ajiye wani don in gyara kuskuren nan take, shi ma ta kama shi. Cikin rabin sa'a na rushe aikin wata huɗu, domin yanzu ta san cewa tsuntsu yana kamuwa. Kunya ta hana ni faɗa wa dattijon, sai na koma ga abin wuya mai lantarki, wanda har lokacin a tsakar gida kawai muke amfani da shi, a mataki mafi ƙanƙanta, don tunatar da ita umarnin da ta riga ta sani. Na shiga danna mata shi a daidai lokacin da hancinta ke cike da warin salwa. Ta daina kamawa, na ɗauka na yi nasara. Amma bayan mako biyu sai na lura wutsiyarta ta daina miƙewa, tana kaɗawa a hankali, tana waiwayena da gefen ido. Ranar da abin ya kai maƙura, na gan ta ta ji wari sarai, kanta ya juya, ta ɗan yi turus, sannan ta kawar da kai ta wuce kamar babu komai a wurin. Ta yanke wa kanta hukuncin cewa tsuntsu shi ne ke kawo zafi, gara ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Masu wannan harka suna ɗaukar kauce wa tsuntsu a matsayin mafi munin aibin karen nuni, wato mai nuna tsuntsu da tsayuwarsa, kuma sun san kusan kullum daga hannun mutum yake fitowa. Da na kai ta wurin dattijon, kallo ɗaya ya yi wa yadda ta bi ta gefen akwatin tattabara ya juyo ya tambaye ni, "Ɗana, me ka yi mata?" Na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba, ya dai miƙo hannu ya karɓi rimot ɗin abin wuyan ya jefa cikin aljihun motarsa, ya ce wata uku kada ta ji kalmar "wo", kada ta ga tsuntsun keji.

Maganin da ya rage shi ne tsuntsun daji, shi kuwa ya yi ƙaranci a kudancin Amurka. Salwar da suke kira bobwait, wadda ke rayuwa garke-garke tana kwana a da'ira wutsiyoyi ciki kawuna waje, ta ragu ƙwarai tun daga shekarun 1960 saboda an share shingayen ciyawa da kurmin da take fakewa a ciki an mayar da su manyan gonaki, shi ya sa yawancin gasanni a yau da salwar kiwo ake yin su. Manyan masu horo sun saba kwashe karnukansu da damina su nufi filayen Dakota da Saskatchewan ta Kanada, inda babu itace sai ciyawa iya ganinka. Na ɗauki hutun mako biyu a farkon Satumba na bi dattijon zuwa Dakota ta Arewa, tafiyar kwana biyu a mota. A can akwai wata kazar daji mai tsinin wutsiya, kamanninta sun tuna mini da fakara, kuma ba ta yarda kare ya matso ta. Kwana huɗu Guguwa tana tayar da su tana bin su har ta zama ɗigo a nesa, ni kuma an hana ni cewa komai, abin da ya fi kowane aiki wuya a gare ni. A rana ta biyar, da hantsi, muka hango ta a kan wani tudu ta ƙame, wutsiya a sama kamar ranar da aka haife ta da ita. Sai da muka yi tafiyar kusan minti uku kafin mu isa, tana nan ba ta motsa ba, kuma kaji shida suka tashi nesa da hancinta da kusan taku ashirin.

Bayan mun dawo muka sake ginin daga tushe, wannan karon a hankali. Babban kare a gasa dole ya tsaya tun daga jin wari har tsuntsu ya tashi, har a yi harbi, har mai shi ya sallame shi. Idan tsuntsu ya tashi da kansa ba zato, dole ya tsaya nan take. Idan kuma ya hango abokin zagayensa, wato karen da aka sake su tare, a tsaye kan tsuntsu, dole shi ma ya ƙame daga inda ya gan shi, ko da bai ji warin komai ba, don girmama aikin ɗan'uwansa. Wannan na ƙarshe da karen katako muka koyar, wani allo da aka yanka da siffar kare aka yi masa fenti, ana ɓoye shi a bayan kwana. Ga kuma aikin ƙarfafa jiki, inda ake ɗaura mata ɗamarar ƙirji tana jan babur mai ƙafa huɗu a kan turɓaya sau uku a mako, da sassafe saboda zafi yana kashe kare cikin sauri, har tafin ƙafarta ya yi kanta.

A watan Fabrairu na je kallon Gasar Ƙasa ta karnukan tsuntsu a gandun Ames kusa da Grand Junction, wadda ba ta fi tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci daga gidana ba. An fara wannan gasa a 1896 a West Point ta jihar Mississippi, inda wani seta mai suna Count Gladstone IV ya lashe ta, kuma tun 1915 gandun Ames, mai faɗin eka 18,400, ya zama mazauninta. A can kowane kare sa'a uku cur yake gudu, masu karnuka da alƙalai da 'yan kallo duk a kan dawaki, galibi dawakin Tennessee masu tafiyar taƙama da ba sa jijjiga mahayi. Na yi hayar doki na bi ayarin cikin sanyi da taɓo, na ga yadda kare zai ɓace a gaba na tsawon mintoci sai mataimakin mai shi ya gano shi a tsaye a bakin kurmi, ya ɗaga hula yana kira. Na dawo da ciwon baya da kuma sanin matsayina: irin waɗannan karnuka sana'ar mutane ce ta dukan shekara, ni kuwa rukunina shi ne na 'yan sha'awa masu bin karensu da ƙafa na minti 30.

Gasarmu ta farko a rukunin manya ba ta kai minti goma sha biyu ba. Guguwa ta hango abokin zagayenta a tsaye, ta tsaya daƙiƙa biyu, sannan ta lallaɓa ta wuce gabansa ta ƙwace masa tsuntsu. Alƙali ya ce in sa mata igiya, na je na ba mai ɗaya karen haƙuri, domin irin wannan kan iya lalata wa wani zagayensa ba da laifinsa ba. Muka koma kan karen katako, sannan kan karnukan dattijon masu rai, har wata guda.

Ta biyun an yi ta ne a watan Maris, a wani filin gwamnati da aka keɓe don irin wannan. Daren jajibiri aka yi ƙuri'a, aka haɗa karnuka 16 biyu-biyu, muka faɗo zagaye na biyu da safe tare da wani seta, abin da ya faranta mini rai saboda raɓa ba za ta bushe ba tukuna. Na yi sallar asuba a gefen mota, na zagaya da Guguwa ta yi bawali, na ɗan jiƙa mata baki, ban ba ta abinci ba. A bakin layi aka ɗaura mata abin wuya mai nuna inda take ta tauraron ɗan'adam, amma na'urar karantawar a hannun alƙali take zama, duk wanda ya nemi a ba shi ita ya fitar da karensa daga gasa ke nan. Alƙalai biyu a kan dawaki suka tambaya ko mun shirya, ɗaya ya ce a sake su, karnukan biyu suka fita kamar kibau.

Abin da alƙalai ke dubawa ya wuce yawan tsuntsayen da aka samu. Suna son kare ya kasance a gaba kullum, kamar tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu a fuskar agogo, yana bin gefen kurmi da shingaye inda salwa ke zama, ba ya ɓata lokaci a tsakiyar fili, ba ya komowa baya, yana gudu kai a sama, kuma yana juyawa tare da mai shi ba sai an yi ta kururuwa ba. Karen da ya ɓace wa alƙalai fiye da minti biyar a irin wannan zagaye ya fita daga lissafi. Don kare ya san inda mai shi ya dosa, masu karnuka sukan riƙa rera wata doguwar murya ba kalmomi, kowa da tasa. Ni tawa ita ce irin kiran da Kawu ke yi wa karnukansa a dajin garinmu, kuma Guguwa ta saba da ita tun tana ƙarama. Na ga alƙali ɗaya yana murmushi da ya ji ta, amma karyar ta karkata hagu daidai lokacin da hanya ta karkata.

A minti na tara na hango farinta a gindin wani shingen ƙaya, na ɗaga hula na sanar da alƙali. Zuciyata tana bugawa na wuce ta gefenta, ban taɓa ta ba, ban ce komai ba, na shiga shurin ciyawa a gabanta. Babu abin da ya tashi. Na faɗaɗa da'irar, na koma, na sake shura, shiru. A nan mai kare yake da zaɓi biyu: ya ja karensa ya wuce a rubuta masa tsayuwar banza, wadda guda ɗaya ba ta kisa amma biyu kan jefa kare baya, ko kuma ya dafa kansa ya ba shi izinin sake neman tsuntsun da ya gudu a ƙasa, tare da haɗarin ya matsa da yawa ya tayar da shi, a kore su. Na dubi Guguwa na ga idonta ya bar inda nake ya koma ƙasan shingen, hancinta yana motsi. Na dafa kanta. Ta tafi a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai, taku kusan talatin tana bin shingen, sannan ta sake ƙamewa, wannan karon har jikinta yana ɓari. Shuri na biyu salwa ta tashi ta bi ta saman kanta, wanda shi ne mafi tsananin jarrabawa, domin dole kare ya juya ya bi ta da ido. Ta juya kai kawai, ƙafafunta suna inda suke. Na harba, na mayar da bindigar kube, na tsaya na ƙirga biyar a zuci kamar yadda dattijon ya koya mini don kada ta saba da sallama da zarar an yi harbi, sannan na kama abin wuyanta na ja ta gefe na ba ta ruwa.

Kusan minti na ashirin muka sha wata kwana muka tarar da setan a tsaye a tsakiyar wata 'yar ciyawa. Guguwa tana cikin cikakken gudu ta gan shi, ta ja birki har ƙasa ta tashi, tazarar taku arba'in tsakaninsu. Bakina ya buɗe zai ce "wo", na haɗiye kalmar, domin alƙalai sun fi daraja karen da ya girmama ɗan'uwansa ba da umarni ba. Mai setan ya ɗauki lokaci mai tsawo yana neman tsuntsunsa, ni kuma ina tsaye a bayanta hannuwana a aljihu don kada ta ga suna rawa. Ya tayar, ya harba, ya ja karensa, sannan na ja tawa. Mintocin ƙarshe ne suka rage mana maki, domin rana ta fara zafi, ta rage nisa, har sau biyu tana komowa kusa da ni neman ruwa, alhali alƙalai suna son kare ya gama zagaye yana can gaba da ƙarfinsa kamar yadda ya fara.

Da yamma aka tara mu a gaban wata rumfa aka karanta sakamako daga na huɗu zuwa na ɗaya. Guguwa ta zo ta uku, aka miƙo mini ƙyalle ruwan ɗorawa, setan da muka yi zagaye tare ya ɗauki shuɗin na ɗaya, kuma ya cancanta, don tsuntsu uku ya samu ya kuma gama da ƙarfi. Kafin kare ya sami laƙabin zakaran fili a AKC sai ya tara maki 10, ciki har da nasara guda mai maki 3 ko fiye, wadda ba ta samuwa sai karnuka 13 aƙalla sun fafata, don haka tafiyarmu da sauran nisa. Dattijon ya karɓi ƙyallen ya jujjuya shi, ya ce daga Litinin za a ƙara mata minti goma a jan babur, sannan ya buɗe aljihun motarsa ya miƙo mini rimot ɗin da ya karɓe kusan shekara guda da ta wuce.

Washegari na kira Kawu ta WhatsApp, wani jikansa ya riƙe masa wayar, na aika masa bidiyon da abokin aikina ya ɗauka. Ya kalla har sau biyu, sannan ya ce, "To, ɗan nan, tsuntsun fa, wa ya ci?" Na ce, "Kawu, babu wanda ya ci, ya tashi ya tafi abinsa." Ya yi shiru, ya sa aka sake kunna masa wurin da salwar ta bi ta saman kanta. Sai ya tambaye ni wata nawa na yi kafin ta yarda ta tsaya haka, na ce wajen shekara biyu da rabi, har da wata shidan da na ɓata da hannuna. Ya ce idan na tashi zuwa gida da rani in taho masa da irin doguwar igiyar nan, akwai wani ɗan kwikwiyo a gidansa da ke yin turus idan ya ji fakara, ya daɗe yana ɗaukar abin tsoro ne.